Gyaran Burtsatsen Tungar Marke

Kamalu ya daɗe yana aiki a sashen rajista na sakatariyar ƙaramar hukuma, aikin da in za a faɗi gaskiya babu aiki a cikinsa. Ya zo da safe ya sa hannu, ya jawo benci zuwa gindin dogonyaro, su yi ta hira da ire-irensa har a kira azahar. Ba lalaci ba ne, takardun ne ba sa zuwa. Ya haura shekara arba'in, yana da matarsa Hadiyya da 'ya'ya huɗu, kuma ya riga ya sallama cewa a kan bencin nan zai yi ritaya.

Sai ƙananan hukumomin yankin suka haɗa kai suka ɓullo da wani shiri da aka raɗa wa suna Ruwan Rana. Aka haƙa burtsatse a ƙauyuka, aka ɗora wa kowanne tanki da farantan sola, aka huta da neman man janareto. Maimakon a riƙa ɗauko 'yan kwangila daga Sakkwato duk lokacin da famfo ya tsaya, sai aka kwashi ma'aikatan da ke zaman banza aka kai su kwas a Isa, aka koya musu gyara. Kamalu na cikinsu. A jikin ƙarfen kowane tanki an maƙala wani ɗan akwati ruwan toka mai 'yar fitila tana ƙiftawa, shi ke aika saƙo ofis idan ruwa ya tsaya. Kowane mai gyara kuma aka ba shi babur da waya. Wayar ce ta maye gurbin sa hannu, domin tana nuna inda mutum yake a kan taswira, a fuskar kwamfutar Injiniya Zulaihatu, wadda ke raba musu aiki daga ofishin shirin a Sabon Birni.

Kamalu ya so aikin fiye da yadda ya zata. Bai taɓa sanin daɗin a yi wa mutum addu'a saboda aikin hannunsa ba sai da ya ga tsofaffin mata na ɗaga masa hannu ruwa na zuba a jarkokinsu. Wani lokaci ya dawo gida da ƙwan zabi a aljihun jaka, wani lokaci da ɗaurin zogale. Hadiyya dai ba ta taɓa murna da ƙwan ba. Kowa ya san abin da hanyoyin nan suka zama tun da mutanen daji suka yi ƙarfi. Kullum za ta rako shi bakin ƙofa ta tsaya har ƙarar babur ta ɓace.

Ranar da abin ya faru ana tsakiyar bazara, zafi ya kai inda ko da hantsi ƙarfen babur ba ya taɓuwa. Yana shiga ofis Zulaihatu ta juyo masa da fuskar kwamfutar.

"Malam Kamalu, Tungar Marke ta yi ja. Tun jiya akwatin bai aiko komi ba."

Tungar Marke ƙauye ne a bayan Tsamaye, ta wajen iyaka. Shi ya haɗa famfon wurin da hannunsa.

"Kin kira mai gari?"

"Na kira, ba ta shiga. Amma ka san sabis ɗin can, sai layin Nijar, shi ma sai ya ga dama." Ta dube shi. "Na tambayi direbobin da sunka hito Tsamaye da sahe, sun ce hanya lahiya lau. In hankalinka bai kwanta ba ka bari, ba ni tilasta ma kowa."

Kamalu ya tsaya yana kallon jan ɗigon. Ya san in famfon nan ya tsaya, matan ƙauyen sai sun gangara gulbi su yi tono a cikin rairayi, kuma a hanyar gulbin aka kwashe wasu mata bara. Ga shanun rugar da ke kusa, su ma nan suke sha.

"Za ni tahi," ya ce. "Halan waya ta ta kwance. Kahin azahar na dawo."

Har Tsamaye babu abin da ya tayar masa da hankali. Ya wuce masu amalanke, ya wuce gonakin gero da aka share aka tara karan ana jiran ruwan sama. Sai da ya saki babbar hanya ya kama 'yar siririyar da ke bi ta cikin sabara, sannan ya lura da sawun babura a kan rairayi, sababbi, masu yawa, duk sun nufi inda ya nufa. Ya rage gudu. Can sai ga wata mata tafe da jaki, jarkoki na rangaji babu komai a ciki. Ya yi mata sallama. Ba ta amsa ba, ba ta ma ɗago kai ba, sai ta ƙara wa jakin sanda.

Ya tsayar da babur ya sa ƙafa ƙasa. Zuciyarsa ta ce ya juya. Amma daga inda yake yana hango saman tankin, yana kuma jin kukan shanu, irin kukan da suke yi in ƙishirwa ta ci su. Ya ce a ransa zai leƙa kawai, in bai gamsu ba ya juyo.

Shanu sun yi cincirindo a bakin kwamin shan ruwa, suna lasar busasshen siminti. A gefe wani dattijo na tsugune ya tokare da sanda. Kamalu ya gane shi, Jibrilla ne, makiyayin da ke kawo masa nono duk zuwan da ya yi.

"Bappa Jibrilla, barka da rana. Ina mutanen gari?"

Tsohon bai dube shi ba. Leɓensa kawai ya motsa. "Da ba ka taho ba, ɗana."

Sai a lokacin Kamalu ya ga baburan, an jera su a bayan shingen farantan sola. Mutanen na zaune a inuwar tanki, bindigogi a kan cinya. Ba su yi gaggawa ba. Ɗaya ya taso ya zare makullin babur ɗin kamar nasa ne, ya nuna masa ƙasa da bakin bindiga. Kamalu ya sauka. Ya durƙushe tun kafin a ce ya durƙusa.

Babbansu dogo ne siriri, ya naɗe kai da wani jan ƙyalle, yana cin dabino yana tofar da ƙwallon a gabansa. Muryarsa a sanyaye take, wannan ne ma ya fi ba Kamalu tsoro.

"Kai na mai akwatin ga?"

Kamalu ya ɗaga ido. An ɓalle murfin akwatin, an fizge wayoyin da ke shiga cikinsa, suna reto. Nan ya gane ba lalacewa famfon ya yi ba. Tsinke shi aka yi don a ga wanda zai zo.

"Ranka ya daɗe, ni mai gyara na. Ma'aikacin ruwa."

"Ban tambaye ka aikinka ba. Kai kas sa shi?"

"Ni nis sa shi."

"To madalla." Dogon ya tofar da ƙwallo. "Kwanan baya jirgi ya zo ya yi muna ɓarna. Da sahe munka sha ruwa nan, da marece yaz zo. Abin ga yana ƙihta ido dare da rana. Gaya min wa yaka gaya ma."

"Wallahi ruwa kawai yaka aunawa. In ruwa na zuba ya ce yana zuba, in ya tsaya ya ce ya tsaya. Ba shi da ido, ba shi da kunne."

"Buɗe cikinai."

Aka jefo masa jakarsa. Sukudireba ta faɗi daga hannunsa har sau biyu kafin ya iya kwance farantin ciki. Wani gajere mai jajayen idanu, wanda tun ɗazu ya kasa zama wuri ɗaya, ya leƙo ta kafaɗarsa, ya sa yatsa ya zaro wani ɗan abu.

"Oga, sim na! Ka gani? Mi sim yaka yi cikin akwatin ruwa?"

Kamalu ya ji bakin bindiga a bayan wuyansa, da zafinsa, don ta sha rana. Ya shiga bayani, maganar na fita a karkace. Ya ce da sim ɗin ne akwatin ke aika saƙo, saƙon kuma lamba ce kawai, yawan ruwa. Ya ce su duba da kyau, babu kyamara, babu abin ɗaukar magana. Ya ce kowane burtsatse na shirin yana da irinsa, har wanda ke bayan masallacin Juma'a a cikin gari, in na leƙen asiri ne wa ake leƙe a can? Dogon na saurare, kansa a karkace. Ya karɓi akwatin ya jujjuya shi, ya kara a kunne, ya girgiza. Kamalu ya ga kamar kafaɗunsa sun ɗan sauka. Har ya fara jin numfashinsa na dawowa.

Sai wayar da ke aljihunsa ta ɗauki ƙara.

Babu wanda ya motsa. Ta yi ta ƙara har gajeren ya zura hannu ya ciro ta ya miƙa wa dogon.

"Wa na?"

"Shugabata ta. Ta wurin aiki."

"Ɗauka. Buɗe muryar kowa ya ji. In kay yi wata magana da ban gane ba, nan za mu bar ka."

Kamalu ya danna. Muryar Zulaihatu ta fito tar, cikin sakin jiki, har ana jin ƙarar fanka a bayanta.

"Malam Kamalu, sannu da hanya. Na ga ka isa tun ɗazu, ga ɗigonka nan tsaye daidai gindin tanki, amma har yanzu akwatin bai tashi ba. Lahiya dai?"

Kamalu ya rufe ido. Ya ji mutanen sun miƙe gaba ɗaya, ya ji ƙarar ƙarfe ana ɗana bindiga. Wani ya ɗaga kai yana duban sama.

"Malam Kamalu? Kana ji na?"

Dogon ya karɓi wayar a hankali ya kai ta bakinsa.

"Yana jin ki. Mu ma muna jin ki. Kin ce kina ganinai?"

Fankar kawai ake ji. Kamalu ya san ta gane, ya kuma san duk abin da zai same shi yana cikin abin da za ta faɗa yanzu. Da ta yi magana muryarta ta canza, ta yi ƙasa, tana rawa, amma kalmomin na fita ɗaya bayan ɗaya.

"Assalamu alaikum. Sunana Zulaihatu, ni ka raba aikin gyaran ruwa. Ba shi nika gani ba, wayar nika gani. Ɗigo na bisa taswira, don in san ma'aikaci ya kai wurin aikinai. Ban ganin mutum, ban ganin wanda ke kusa da shi. Da ina gani da ban kira ba."

"Wa ag gare ki nan?"

"Ni kaɗai ta."

"Soja hwa?"

"Ba soja. Ofishin ruwa na. Ku hwasa wayar yanzu, ɗigon ya ɓace. Ku ɗauki akwatin ku tahi da shi, ku kai ma wanda kunka yarda da shi ya duba. Don Allah mutumin ga mai iyali na, ruwa yaz zo gyarawa. Ni nit tura shi."

Dogon ya yi murmushin da bai kai zuci ba.

"To saurara, Zulaihatu. In niz ga ƙurar mota, ko nij ji ƙarar jirgi, yau ko gobe, kin san wanda za ya biya."

Bai jira amsa ba. Ya ajiye wayar a kan simintin gindin tanki, ya sa gindin bindiga ya daddake ta har ta zama tarkace. Ya tattake sim ɗin akwatin a kai.

Gardama ta kaure a tsakaninsu. Gajeren na cewa a gama da shi nan take a bar wurin, ɗan rahoto ne, kowa ya ji da kunnensa. Wani na cewa a tafi da shi daji, ma'aikacin gwamnati ne, ba za a rasa masu nemansa ba. Suna maganar a kansa kamar ana cinikin akuya. Kamalu na durƙushe, goshinsa na ɗigar da gumi a kan rairayi. Ya so ya yi salati, ya tarar ya manta farkonsa. Abin da ke zuwa masa kawai shi ne ƙaramar 'yarsa da ya bari tana kuka saboda ya hana ta hawa babur.

Sai ya ji takun sanda. Jibrilla ne ya taso, yana jan ƙafa, ya ratso ta tsakiyar bindigogin kamar bai gan su ba. Ya tsaya gaban dogon ya yi masa magana da Fulatanci, gajeriya, Kamalu ya tsinci kalmar ndiyam, wato ruwa. Sannan ya juya harshe zuwa Hausa don kowa ya ji.

"Dabbobin ga tun jiya ba su sha ba. Ga ɗan maraƙi can ya kwanta. Ku ma nan kuka sha, nan kuka cika jarkokinku. In kun kashe shi, wa za ya tada ruwan? Ku?"

Gajeren ya kai masa gindin bindiga a kafaɗa. Tsohon ya faɗi zaune, hularsa ta yi gefe. Bai yi ƙara ba. Ya lalubo hular ya mayar, ya ci gaba da kallon dogon daga ƙasa.

"Kun kwashe min rabin garke, ban ce komi ba. 'Yan banga sun ƙone min bukka sun ce ni naku na, ban ce komi ba. Wanga ruwa shi kaɗai yar rage muna."

Dogon ya daɗe yana kallonsa. Sannan ya dubi shanun, ya dubi jarkokinsu da ke ɗaure a bayan babura, babu ko ɗigo. Ya shuri jakar kayan aiki zuwa gaban Kamalu.

"Tada shi. Ba da akwatin ba. In ruwa ya zo, mu gani. In bai zo ba, ka san kai maƙaryaci na."

Kamalu ya rarrafa zuwa allon da ke sarrafa wutar. Abin da yake tsoro shi ne kada fizgar da suka yi ta ƙone na'urar gaba ɗaya, domin in haka ne babu abin da zai iya da kayan da ke jakarsa. Ya buɗe. Warin ƙuna ya bugi hancinsa. Ya bi wayoyin da yatsa, ja da baƙi, ɗaya bayan ɗaya. Fiyus ne ya ƙone, da bakin waya guda da ya narke. Ya zazzage jakar a ƙasa yana tono cikin kusoshi da guntayen tef, gajeren na tsaye a kansa yana huci. A can ƙasan aljihu ya sami fiyus guda. Ya fere wayar da haƙori, ya haɗa ta kai tsaye ya tsallake gurbin akwatin, ya naɗe. Ya ce bismillah a ransa ya ɗaga makunnin.

Fitilar allon ta kama. Bayan wannan babu abin da ya faru.

"Ina ruwan?" in ji gajeren.

"Rijiyar na da zurhi. Sai ya hau."

"Ƙarya kaka yi."

"Wallahi sai ya hau."

Ya kara kunnensa a jikin bututun. Ƙarfen na ƙona masa kunci, bai ɗaga ba. Ba ya jin komai sai bugun jininsa. Ya san injin da ke ƙasa ma yana iya ƙonewa, ya san bututun na iya shan iska. Wani ɗan gajimare ya zo ya tare rana, fitilar ta dusashe, ya ji kamar ransa ne ke fita. Dogon ya daina cin dabino. Shanun ma sun yi tsit. Gajimaren ya wuce. Can ƙasa, nesa, Kamalu ya ji wani gurnani kamar cikin mai yunwa, bututun ya yi rawa a kuncinsa, ya yi tari, sannan ruwa ya faɗa cikin tankin da babu komai da ƙara kamar ana dukan ganga.

Shanun suka yi kan kwami suna ture juna. Jibrilla ya miƙe da ƙyar ya buɗe musu famfo. Mutanen suka kwance jarkoki suka shiga cikawa, wasu na kurɓa da tafin hannu, suna zuba wa kai. Na ɗan lokaci kamar an manta da Kamalu. Ya zauna a ƙasa, ya ga ashe ya jiƙa wandonsa, bai san lokacin ba.

Da suka gama, dogon ya zo ya tsuguna a gabansa. Ya zare katin aikin da ke rataye a wuyan Kamalu, ya dubi hoton, ya dube shi.

"Kamalu. Ina gidanka?"

Ya yi niyyar ƙarya. Bakinsa ya riga shi, ya faɗi unguwar, har da shagon mai faci da ke kusa da ƙofarsa. Dogon ya gyaɗa kai ya sa katin a aljihu.

"Ba a sake sa akwati nan. In ruwan ga ya tsaya, kai za ka taho, kai kaɗai. In ba ka taho ba mu muna tahowa."

Suka ɗaure akwatin a bayan babur, gajeren ya haye na Kamalu, suka bi ta cikin sabara suka yi arewa. Ƙarar ta daɗe kafin ta mutu.

Jibrilla ne ya ɗaga shi. Ya sa ya wanke jikinsa a famfo, ya ba shi ruwa a ƙwarya, sannan ya bar shanun suna sha ya rako shi ta burtali, ya ce hanyar babur ba ta da tabbas yau. Kafaɗar tsohon ta kumbura, hannun na reto.

"Bappa, da sun harbe ka hwa?"

"Da sun harbe ni." Ya ɗan taka. "Ba don kai kaɗai niy yi ba, kada ka ɗauka da nauyi. Shanuna nika ji."

Da rufin kwanon Tsamaye ya bayyana, tsohon ya tsaya. Ya ce iyakarsa nan, in ya shiga gari da wannan kafaɗar tambaya za ta yi yawa. Ya juya ya koma.

La'asar ta yi sanyi lokacin da ɗan kabu-kabu ya sauke Kamalu a bakin Sabon Birni. Zulaihatu na tsaye a gefen titi, ita kaɗai, mayafinta ya zame ba ta gyara ba. Tun da wayar ta katse ta kira duk ma'aikatan da ke fita ta ce su juyo. Ta je ta sami shugabanninta ta faɗa musu, ta roƙe su da kuka kada a tura soja ko wani sai an ga abin da yamma za ta yi. Daga nan ta zo nan ta tsaya tana duban kowane babur. Da ta gan shi ta nufo shi. Sai ta durƙusa a kan tsakuwa.

"Malam Kamalu, ka yahe min. Bakina ya kusa kashe ka."

"Tashi, Injiniya, mutane na kallo. Ba ki sani ba. Kuma ke kinka hidda ni." Ya dubi hanyar gida. "Hadiyya ta ji?"

"Ban gaya mata ba. Na kasa."

Shi ya gaya mata da kansa, a tsakar gida, yara na makarantar allo. Hadiyya ta saurara har ƙarshe ba ta katse shi ba. Da ya kai wurin da ya faɗi unguwarsu, sai ta tashi ta shiga ɗaki ta fara naɗe tabarmi. Kafin mako ya zagayo sun koma Isa, gidan yayanta, suka takura a ɗaki biyu.

An yi zama a kan lamarin, an kuma sauya tsarin. Aka kashe abin nuna wuri a wayoyin ma'aikata, aka ciro akwatunan daga burtsatsen ƙauyukan nesa. Zulaihatu ce ta kawo shawarar a daina tura mutum daga gari, a ɗauko mutum biyu daga kowane ƙauye a koya musu gyaran da ya fi yawan tasowa, a ba su jakar kayan aiki, a sa su cikin ma'aikatan wucin gadi. Kamalu aka ba koyarwar, a wani aji na tsohuwar firamare a Isa. Ya iya koyarwa, yana da haƙuri. Amma ya daina ɗaukar kiran lambar da bai sani ba, kuma in babura suka wuce da yawa a tare sai alli ya tsaya a hannunsa har su yi nisa.

Daga Tungar Marke maza suka ƙi zuwa. Wadda ta zo wata bazawara ce mai suna Kadijatu, mai sayar da ƙuli-ƙuli, ta ce ita dai ta gaji da tonon gulbi. Ba ta iya karatun boko ba, sai ta riƙa ƙulla zare mai launi a kan kowace waya don ta tuna. Ta gama ta koma da jakarta.

Bayan ruwan sama ya sauka, gero ya kai gwiwa, ta dawo Isa ranar kasuwa karɓar fiyus. Ta same shi a ajin yana share allo. Suka gaisa, ya tambayi Jibrilla, ta ce hannun ya warke amma ba ya ɗaguwa sama. Ta shiga murza bakin zanenta.

"Malam, ruwan ya tsaya kwanaki. Iska ta tsinke waya. Ina cikin gyara sai ga su."

Kamalu ya ajiye tsumman.

"Dogon na nan?"

"Shina nan. Ya tsaya bisa kaina har nig gama. Da ruwa yaz zo yas sha, yac ce ashe yanzu mata ka yi. Nic ce ni ta mai gyaran garin ga yanzu, hukuma ta ba ni."

"Sai mi?"

"Sai sunka tahi."

Ya dube ta. Ta kawar da ido zuwa taga.

"Ya ambaci sunana?"

"Ya ambata. Ya ce in gaishe ka."

Kamalu ya ƙirga mata fiyus ɗin a tafin hannu, ya raka ta bakin ƙofa. Da ta tafi ya koma ya zauna a kan bencin ɗalibai. Waɗanda za su shiga darasin yamma suka taru a waje suna leƙowa, ya daɗe bai ce su shigo ba.